Maɓallan da ke kai ki gurbin adireshin burauza ba tare da taɓa maus ba

Wata ƙanwata daga Rigasa, wadda ta kama aiki wata biyu da suka wuce a wani shagon kwamfuta da ke Tudun Wada kusa da Kaduna Poly, ta aiko da wannan tambaya: "Malam, maigidan shagonmu idan ya zauna yana cike wa ɗalibai fom, hannunsa ba ya zuwa kan maus, sai dai in ga shafuka suna ta buɗewa. Ni kuwa kafin in lalubo inda zan rubuta adireshi, layi ya taru a bayana. Na tambaye shi, ya ce in sa ido kawai. Waɗanne maɓallai yake dannawa?"

Ƙanwata, sa ido ba zai wadatar ba, don yatsun wanda ya saba sun fi idon mai kallo sauri. Na shekara da shekaru ina koyar da kwamfuta a nan Kaduna, kuma ko ban ga maigidan naki ba, na san yawancin abin da yake yi daga wuri ɗaya yake farawa, wato dogon gurbin nan da ke saman burauza, manhajar shiga intanet irin su Chrome, inda ake rubuta adireshin shafi. A da, gurbi biyu ne: babba na adireshi, ƙarami a gefen dama na bincike. Da Google ya fito da Chrome a watan Satumban 2008 sai ya haɗe su wuri guda, aka sa wa abin suna Omnibox. A shekarar ne kuma Firefox 3 ya fito da gurbin da ke iya lalubo miki shafukan da kika taɓa shiga daga 'yan haruffa kaɗan. Tun daga nan gurbin ya zama ƙofar komai: adireshi, bincike, tarihin inda kika shiga, har da lissafi.

Maɓallin da ke kai ki wannan ƙofa shi ne Ctrl da L. Ki danne Ctrl da ƙaramin yatsan hagu, ki taɓa L sau ɗaya da hannun dama, ki saki. Ko ina kike a cikin shafi, za ki ga tsohon adireshin ya yi shuɗi gaba ɗayansa. Wannan shuɗin shi ne sirrin. Yana nufin duk abin da kika rubuta zai hau kansa ya maye gurbinsa, ba sai kin goge komai ba. Ina yawan tsayawa a bayan sababbin ɗalibai ina kallon su: yaro zai ja maus ya danna gurbin, adireshi ya yi shuɗi, sai ya sake dannawa don yana jin bai shiga ba, shuɗin ya ɓace, sai ya kwantar da yatsa kan Backspace yana jiran haruffa sama da ɗari su goge ɗaya bayan ɗaya. Wannan wahalar duk babu ita. Ctrl da L, sai ki fara rubutu kai tsaye, sai Enter.

Akwai wasu hanyoyi biyu da ke kai ki wuri ɗaya, Alt da D, sai kuma F6. Alt da D na da daɗi ga mai son yin komai da hannun hagu, musamman idan hannun dama na riƙe da takardar ɗalibi. F6 kuwa ba na koyar da shi da wuri. A laftof da yawa, irin su HP da suka cika kasuwarmu, layin F na sama an ɗora masa aikin ƙara murya da rage haske, sai kin haɗa da Fn kafin ya yi aikinsa na asali. Sannan idan kika ci gaba da danna F6 yana yawo da ke daga wannan sashe na burauza zuwa wancan. Ctrl da L ba ya wannan yawon, kuma aikinsa ɗaya ne a Chrome da Edge da Firefox. Idan wata rana aka kawo miki MacBook, maɓallin Command ne ke tsayawa a matsayin Ctrl: Command da L, Command da T, Command da F.

Tunda adireshin ya riga ya yi shuɗi, Ctrl da L sannan Ctrl da C ya kwafe shi ke nan, sai ki je WhatsApp na kwamfuta ki liƙa wa mai shi da Ctrl da V. Idan kuma kin fara rubutu sai kika fasa, Esc zai dawo da tsohon adireshin yadda yake. Wani lokaci sai kin danna sau biyu, na farko ya rufe jerin da ya sauko, na biyu ya dawo da adireshin. In gyara kaɗan kike son yi a cikin dogon adireshi, Home na kai ki farkonsa, End na kai ki ƙarshensa, Ctrl da kibiya na tsallake kalma guda, Ctrl da Backspace kuma na goge kalma guda a bugu ɗaya.

Yanzu maganar Enter, wadda a nan nake son ki natsu. Enter shi kaɗai yana buɗe abin da kika rubuta a kan shafin da kike kai, wato ya ture shi. A aikinku wannan hatsari ne. Kin yi nisa da cike wa ɗalibi fom, kin sa suna da ranar haihuwa da ƙaramar hukuma, sai ya ce ya manta yadda ake rubuta sunan makarantar sakandaren da ya gama. Kika danna Ctrl da L, kika rubuta sunan, kika buga Enter, fom ya tafi. Maganin wannan shi ne Alt da Enter. Sakamakon binciken zai buɗe a sabon tab, wato wani shafi na dabam a gefen wanda kike kai, fom ɗinki na nan daram a nasa. Ki duba abin da za ki duba, ki rufe da Ctrl da W, ki koma bakin aikinki. In da za a ce in zaɓar miki maɓallai biyu kacal, Ctrl da L ne da Alt da Enter.

Sai Ctrl da Enter, wanda ake yawan yabawa amma ni nake koyar da shi tare da gargaɗi. Aikinsa shi ne ya ƙara www a gaba da .com a bayan abin da kika rubuta. Ki rubuta bbc ki danna Ctrl da Enter, ya kai ki www.bbc.com. Ki rubuta gmail ko youtube, haka nan. Madalla. To amma shafukan da kuke wuni a kansu a shago yawancinsu ba .com ba ne. Hukumar JAMB tana jamb.gov.ng, NECO tana neco.gov.ng, Jami'ar Jihar Kaduna tana kasu.edu.ng, ABU Zariya tana abu.edu.ng, sakamakon WAEC kuma ana duba shi a waecdirect.org. Idan kika rubuta sunan hukuma kika danna Ctrl da Enter, burauza ba ta san hukuma kike nufi ba, za ta manna .com ne kawai ta kai ki duk inda hakan ya kai, wurin da ba na hukumar ba. Don haka shafin gwamnati ko na makaranta, ki rubuta adireshinsa cikakke da hannunki.

Bari in gaya miki dalilin da ya sa nake dagewa kan wannan. Wata shekara lokacin rajista, wani dattijo daga Kawo ya zo mini da 'yarsa, idonta ya kumbura don kuka. An biya mata kuɗin karɓar gurbin karatu a wani shago, an ba ta rasit mai tambarin makaranta da launinta, amma da ta je makarantar aka ce babu sunanta a cikin waɗanda suka biya. Na karɓi takardar na duba can ƙasa, inda firinta kan buga adireshin shafin da ƙananan haruffa. Sunan makarantar na nan, har da edu.ng, amma bayansa akwai wani ɗigo da wata kalma, sannan .com. Yaron shagon ba ɓarawo ba ne. Sunan makarantar ya rubuta a Google ya danna abin da ya fara gani a sama. Kama da wane ba ta wane.

Ga yadda ake karanta adireshi. Ki bar https da abin da ke biye da shi na ɗigo biyu da karkatattun layuka biyu. Daga nan ki bi rubutun har ki isa karkataccen layi na farko, ki tsaya. Abin da ke dab da wannan layin ta hagu shi ne ainihin mai gidan. Idan ya ƙare da kasu.edu.ng, gidan jami'ar ne, ko da an sa portal ko wata kalma da ɗigo a gabansa. Idan kuwa sunan makarantar na tsakiya, wani abu dabam ya zo ƙarshe, to na ƙarshen ne mai gida, sunan makarantar ado ne aka rataya. Sunayen da ke ƙarewa da .gov.ng an keɓe su ga hukumomin gwamnati, .edu.ng kuma ga manyan makarantu, ba kowa ke zuwa ya saya ba kamar .com. Chrome kan ɓoye https da www don adireshi ya gajarta, amma idan kika danna gurbin da ɓangaren dama na maus za ki ga zaɓin Always show full URLs, ki kunna shi a kowace kwamfutar shagonku. Kada kuma ki dogara da hoton kwaɗon kulle ƙofar nan da ke gefen adireshi. Abin da yake nufi kawai shi ne wani ba zai iya leƙa saƙon da ke tsakaninki da shafin ba, bai ce masu shafin mutanen kirki ne ba. Saboda mutane suna yi masa wannan gurguwar fahimta ne ma Chrome ya cire kwaɗon a 2023 ya sa wata alama dabam.

Da zarar kin rubuta adireshin gaskiya sau ɗaya ko biyu, burauza ta haddace shi. Gobe kina rubuta kas za ta ƙarasa miki sauran da shuɗi, Enter kawai za ki buga. Wannan ne ya sa kike ganin kamar maigidanki ba ya rubuta komai: haruffa uku yake bugawa. Jerin da ke saukowa ƙarƙashin gurbin ma ba ya buƙatar maus, kibiyar ƙasa da ta sama ke yawo a cikinsa. Sai dai wani lokaci wannan ƙarasawar kan shiga hanya. Kina son neman "kasuwar barci" a Google, burauza na ta cusa miki adireshin jami'a. Ki danna Backspace sau ɗaya, shuɗin da ta ƙara zai fita. Ko kuma tun farko ki shiga da Ctrl da K maimakon Ctrl da L. Wannan na gaya wa Chrome da Firefox cewa bincike kike so, kada su ɗauki rubutunki a matsayin adireshi. A Edge, Ctrl da E ne ya fi tabbas, kuma yana aiki a Chrome ma.

Jerin nan yana da wata matsala a kwamfutar da jama'a ke rabawa. Duk abin da aka rubuta yana iya fitowa ga na baya. Na sha ganin lambar rajistar wani, ko sunan wata cuta da wani ya nema a ɓoye, ta sauko a gaban baƙo. Akwai ma masu duƙar da kai suna buga kalmar sirri ba su lura cewa a gurbin adireshi take shiga ba, su buga Enter, ta zauna a jerin. Idan kika ga irin wannan, ki sauka kansa da kibiyar ƙasa har ya yi haske, ki danna Shift da Delete, zai fita. Haka za ki yi wa adireshin bogi da aka taɓa shiga bisa kuskure, don kada burauza ta riƙa ƙarasa miki shi. Abin da aka ajiye a matsayin alamar shafi, wato bookmark, ne kawai ba ya fita ta wannan hanya, sai an je an cire alamar. Mafi sauƙi, duk wanda zai shiga imel ɗinsa ko bankinsa a kwamfutarku, ki buɗe masa tagar sirri da Ctrl da Shift da N a Chrome ko Edge, Ctrl da Shift da P a Firefox. Yana rufe ta, tarihin abin da ya yi ba ya zama a kwamfutar. Amanar abokan ciniki ce, kuma ita ke dawo da su.

Gurbin yana kuma iya bincike a cikin kayanki, ba a intanet kaɗai ba. Tun ƙarshen 2022 Chrome ya ƙara gajerun kalmomi uku. Ki rubuta @history ki danna maɓallin Tab ko na tazara, sai ki rubuta kalma, zai nemo ta a cikin shafukan da aka shiga a baya. @bookmarks na neman abin da kika ajiye, @tabs kuma na neman tab a cikin waɗanda ke buɗe. Na ƙarshen nan yana ceto ranar da aiki ya yi yawa, tab ashirin a buɗe, kowanne ya tsuke har ba a iya karanta sunansa. Firefox ya daɗe da irin wannan, amma da alamomi: ^ don tarihi, * don abin da aka ajiye, % don tab da ke buɗe, ki sa alamar, ki ba da tazara, ki rubuta kalmar.

Abin da ya fi burge ni shi ne za ki iya ƙirƙirar taki gajeriyar hanyar. Ki danna Ctrl da L, ki rubuta chrome://settings/searchEngines, ki sauka wajen Site search ki danna Add. Gurabe uku za ki gani: suna, gajeriyar kalma, da adireshi. Misali, don Wikipedia ta Hausa, ki sa suna yadda kike so, gajeriyar kalma ki sa wh, adireshi kuma https://ha.wikipedia.org/w/index.php?search=%s. Wannan %s ɗin shi ne mazaunin duk abin da za ki rubuta daga baya. Daga ranar, Ctrl da L, wh, Tab, Sarauniya Amina, Enter, sai ga ki a cikin Wikipedia kai tsaye ba tare da kin bi ta Google ba. Ni a kwamfutata ina da guda mai suna gw, adireshinta https://www.google.com/search?q=site:gov.ng+%s, wadda ke tilasta wa Google ya nemo mini abu a shafukan gwamnatin Najeriya kaɗai. Duk lokacin da aka yaɗa labarin ɗaukar aiki ko tallafi a WhatsApp, da ita nake fara dubawa.

Wannan site: ɗin ko ba ki ƙirƙiri komai ba yana aiki. Ki rubuta abin da kike nema, ki ƙara site:kasu.edu.ng, ba tazara bayan ɗigo biyun, sakamakon zai taƙaita ga shafin jami'ar. Ki ƙara filetype:pdf idan takarda ce kike nema, kamar jadawali ko jerin sunaye. Ki sa jimla tsakanin alamun zance biyu idan kina son ta fito daidai yadda kika rubuta. Waɗannan suna aiki har a waya. Lissafi ma, ki rubuta 2500*14 a Chrome, amsar 35000 za ta fito a jerin tun kafin ki buga Enter, muddin akwai intanet.

Bayan shafi ya buɗe sai neman abu a cikinsa, kuma wannan aikin Ctrl da F ne. Jerin sunayen waɗanda aka ɗauka ya fito, shafi tamanin, ɗalibi na tsaye a kanki yana rawar jiki. Ctrl da F, ki rubuta lambar rajistarsa, Enter na kai ki na gaba, Shift da Enter na mayar da ke na baya, Esc na rufe akwatin. Ki fi dogara da lamba, don suna ɗaya ana rubuta shi Muhammad, Mohammed, Muhammed. Ga mai neman abu a rubutun Hausa kuma akwai tarkon haruffa masu ƙugiya. Kwamfuta ba ta ɗauki k da ƙ a matsayin harafi ɗaya ba, haka d da ɗ, b da ɓ. Idan shafin ya rubuta "ƙaramar hukuma" ke kuma kika nemi "karamar hukuma", zai ce babu. Dabarar ita ce ki tsallake harafin da ake shakka, ki nemi "aramar hukuma", sai ya kamo duka biyun.

Akwai wani abu da ba za ki same shi a littattafan koyon kwamfuta ba, amma kowane shago a Kaduna yana fama da shi, wato laftof 'yan tokumbo. Wasu daga Jamus suka fito, za ki ga an rubuta Strg a inda Ctrl yake, Entf a inda Delete yake. Aikinsu ɗaya, suna ne ya bambanta. Na Faransa sun fi rikitarwa. Layinsu na sama yana farawa da A, Z, E, R, T, Y, namu kuwa Q, W, E, R, T, Y. Mai sayarwa ya ɗora Windows da tsarin Ingilishi amma rubutun kan maɓallan yana nan na Faransa, saboda haka maɓallin da aka rubuta wa Z, a wajen kwamfutar W ne. Mutum ya yi kuskure a fom, ya danna Ctrl da Z don ya warware, sai tab ɗin gaba ɗaya ya rufe, domin Ctrl da W ya danna bai sani ba. Harafin L da T da F da K duk suna mazauninsu ɗaya a tsarin biyu, don haka waɗannan ba za su ba ki matsala ba. Sannan a irin waɗannan kwamfutoci Alt na dama an rubuta masa AltGr, wanda a wasu tsare-tsaren aikinsa fito da haruffa na musamman ne. Idan Alt da D ko Alt da Enter ya ƙi, ki koma Alt na hagu.

Tab ɗin da ya rufe bisa kuskure kuwa, Ctrl da Shift da T na dawo da shi, in kin sake dannawa ya dawo da wanda ya riga shi rufewa. Idan aka ɗauke wuta kwamfutar tebur ta mutu, bayan an tayar da janareta kin buɗe Chrome, wannan haɗin yakan dawo da duk tab ɗin da suke buɗe. Shafin yake dawowa, abin da aka cike a fom ba lallai ya dawo ba, kuma a tagar sirri ta Chrome ba ya aiki sam. Ctrl da T na buɗe sabon tab ya ajiye ki a gurbin adireshi kai tsaye, Ctrl da Tab na matsawa na gaba, Ctrl da 1 har zuwa 8 na kai ki tab mai wannan lambar, Ctrl da 9 kuma na ƙarshe ko nawa ne.

Kada ki ce za ki haddace su duka a mako guda, taura biyu ba ta taunuwa. Yadda nake yi wa ɗalibaina, ina yanko 'yar takarda in rubuta uku kawai, Ctrl L, Alt Enter, Ctrl F, in manna ta da salatif a ƙasan allon kwamfuta, sannan in tura maus bayan allon inda sai an miƙa hannu kafin a kai gare shi. Kwana biyun farko za ki ji kin fi da jinkiri, har ki so ki janyo maus ɗin. Ki yi wannan gwajin da safe kafin ɗalibai su fara zuwa, ko bayan la'asar idan layi ya ragu. Ranar da kika lura kin daina kallon takardar, ki ɓare ta ki manna sabuwa mai ɗauke da Ctrl K, Shift Delete, da Ctrl Shift T. Kafin nan kuma, gobe da safe ki zauna a kan kowace kwamfutar shagon, ki rubuta cikakkun adireshin shafukan da kuka fi shiga da hannunki, ki ajiye kowanne da Ctrl da D.